Sababbin Tayoyin Baba Haladu

Tun da na dawo daga Ingila 'yan majalisarmu suka hana ni sakat. Duk ranar da na zauna, kafin a miƙo mini shayi sai wani ya ce, to Dokta Nafi'u, ba mu labarin yawon da ka yi a motar nan mai ɗaki. Laifina ne, ni na tura musu hoto ina tsaye a gefenta, na ɗora hannu a kan madubi kamar da kuɗina aka saya. Su a zatonsu na zaga Turai kaf ina kwana ina tashi a ciki, ina soya ƙwai a bakin teku. To ga labarin, zan rubuta shi sau ɗaya kowa ya huta. Shekara huɗu na yi a ƙasar, kuma abin da zan iya kira tafiya guda ɗaya ce tak, daga Manchester zuwa Birmingham. Hanya ce ta awa biyu, amma ni sai da na kwana a kanta.

Motar ba tawa ba ce, ta Baba Haladu ce. Mutumin Dambatta ne, ya je karatun injiniya tun yana saurayi, ya kama aiki, ya yi aure, ya hayayyafa, matarsa ta rasu a can, shi kuma ya haura saba'in yana unguwar Moss Side a Manchester. A ƙofar masallaci muka haɗu wata Juma'a. Na zura ƙafa cikin takalmin da ruwan sama ya jiƙa sharkaf, na ce wash, sai na ji an dafa kafaɗata an ce, kai ɗan ina ne? Daga ranar na samu uba.

Ku da ba ku zauna a can ba ba za ku gane nauyin wannan ba. Ɗaki ɗaya nake haya a wani gida, mu biyar, kowa da ƙasarsa. In kun haɗu a kicin mutum zai tambaye ka lafiya, kafin ka buɗe baki ya haye sama. Matata da yara suna Kano. Sai in yi kwana uku ban yi magana da kowa ba in ban da godiyar da nake yi wa direban bas in zan sauka. Wallahi akwai ranar da na yi wa kaina sallama na amsa, don kawai in ji Hausa a ɗakin.

Ita motar, ku ɗauka babbar bas ce aka cire kujerun aka sa gado, da teburi, da murhun gas, da ɗan banɗaki wanda in ka shiga sai dai ka fito da baya. Baba ya saye ta ne don abu ɗaya: ya tuƙa ta har Dambatta. Faransa, Sifen, a tsallaka ruwa zuwa Maroko, a gangaro ta Nijar. Yana da taswira da ya ja wa layi da jan biro har takardar ta fara yagewa. Sama da shekara ashirin rabonsa da gida. A can yana da yaya, Iya Tabawa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ta tsufa ƙwarai, idonta ma ya tafi. Duk wata sai jikanta ya naɗo muryarta a waya ya turo, kuma maganar ba ta wuce ɗaya: Haladu, yaushe? Shi kuma amsarsa ɗaya ce, baɗi in Allah ya yarda. 'Yarsa Dokta Rabi, likita ce a Birmingham, ta yi ta roƙonsa ta yanka masa tikitin jirgi, ya ƙi. Ya ce da akwatin ƙarfe ɗaya ya bar Dambatta, bai gina ko ɗaki a can ba, ba zai koma da akwati ɗaya kamar wanda aka koro ba. Da motar nan zai shiga gari, yara su biyo shi a guje.

A harabar wata cibiyar unguwa yake ajiye ta. Sau ɗaya take motsi a shekara, ta je gwajin lafiyar mota ta dawo. Duk Asabar mukan shiga mu dafa shayi, ruwa yana dukan rufin, yana nuna mini inda za mu kwana a Maroko. Na san ba za a yi ba, amma ban taɓa faɗa ba. Ina zan faɗa, ni da nake jiran Asabar tun daga Litinin?

Lokacin kuwa shekarun tsuke bakin aljihu ne, council, wato ƙaramar hukumarsu, tana ta yanke abubuwa. Laburaren unguwa ya koma buɗewa rabin mako. Matar da ake turowa ta duba Baba safe da yamma aka mayar da ita sau ɗaya. Ran nan ya zame a banɗaki, ya daɗe a ƙasa kafin a same shi, sai Dokta Rabi ta zo ta kwashe shi zuwa gidanta a unguwar Sparkhill, can Birmingham. Asabar ɗina ta mutu, ta koma kiran waya duk Juma'a bayan la'asar. Ba a jima ba aka rufe cibiyar ita ma, aka liƙa takarda cewa duk motar da ba a ɗauke ba cikin wata guda za a ja ta a murƙushe.

Baba ya kira ni. Ya ce in taimaka in kawo masa ita Birmingham. Tayoyin da ke jikinta sun gaji, amma in ɗaga gadon, akwai guda biyar sababbi fil, ko ƙasa ba su taɓa takawa ba. Na hamada ne, ya ce, amma a sa su, ba komai.

Na ɗaga gado na same su a naɗe cikin baƙar leda. Kai, gwanin sha'awa. Zane zurfi-zurfi, har ɗan gashin robar nan na sabuwar taya yana nan. Na danna da babban yatsa yadda muke yi a kasuwar Ƙofar Ruwa, na ƙwanƙwasa, na ce ma sha Allah. Na lallaɓa da motar zuwa wani gareji kusa da mu. Mai wurin wani Bature ne mai sanƙo, hannu duk zane. Ko kallon zanen tayar bai yi ba. Ya kwantar da ita, ya kanne ido yana duba gefenta, ya duba ta biyu, sannan ya miƙe ya ce shi ba zai sa waɗannan ba, sun tsufa. Ya yi wani dogon bayani da Turancinsu na Manchester mai haɗiye rabin kalma, amma ni tuni zuciya ta ɗebe ni, ban ji ba.

Tsufa? A wurinmu taya ta tsufa ne in ta suɗe, waya ta fara leƙowa. Mu da muke sayen 'yar Beljiyam wadda Turawa suka gama da ita, mu loda mata buhu talatin mu tafi Legas mu dawo, shi ne wani zai kalli taya da gashinta ya ce ta tsufa? Na ce a raina wannan so yake ya sayar mini da nasa, ya ga baƙin mutum ya ɗauka ban san komai ba, ni da digiri biyu ina neman na uku. Na kwashe tayoyina ko sai an jima ban ce masa ba. A wani lungu na sami mai sayar da na hannu, shi bai ce uffan ba, ya cire tsofaffin ya ɗaura na Baba, ta biyar ɗin ta zama safaya. Na kira Baba na ba shi labari, ya yi dariya har da tari, ya ce ai haka suke, ka yi mini daidai.

Ranar Talata bayan azahar na kama hanya. Kun ce in ba ku labarin iyaka, to babu. Babu shinge, babu mai ɗaga hannu ya ce ina takardu, babu mai leƙo kai ya ce yallaɓai yaya hanya. Da a gida ne kafin in yi wannan nisa an tsayar da ni sau goma, ana tambaya asibiti ce ko gidan rediyo. Ban taɓa zaton zan yi kewar masu shinge ba sai ranar. Babu mai rake, babu mai dafaffen ƙwai, babu tsohuwar da za ta tsaya da ƙullin kaya a rage mata hanya. A wurinmu ka tuƙa mota mai kujera huɗu da gado kai kaɗai, ai sai a zage ka. Can kuwa kowa a rufe cikin gilashinsa, layi uku, ba mai kallon wani. Na tsinci kaina ina yi wa kujerar Baba hira.

Na wuce garin Stoke da kaɗan sai sitiyari ya fara karkarwa. Na ce iska ce. Sai na ji dum, dum, dum daga baya, yana ƙaruwa, motar tana rangaji kamar jakin da kaya suka karkace masa. Na rage gudu, na kunna fitilun haɗari, ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, manyan motoci suna wuce ni suna girgiza ni. Allah ya taimake ni akwai wurin hutawar matafiya a gaba, na rarrafa na shiga. Da na sauko na duba tayar baya ta hagu, sai ga wani ƙullutu ya kumburo a gefenta ya kai girman mangwaro, kewaye da shi duk robar ta tsattsage kamar fason ƙafa. Na zagaya sauran ukun, su ma tsagar ta fara fitowa sirara-sirara. Tayoyin da ko awa biyu ba su yi a kan titi ba.

Ina tsugune ina kallon ikon Allah sai na ji an ce, oh dear. Wata tsohuwar Baturiya ce, ta ajiye tata motar mai ɗaki kusa da ni, ƙarama, da wani kare yana leƙe ta taga. Sunanta Doreen. Ba ta tambaye ni komai ba, ta koma ta ɗauko 'yar tabarmar roba ta durƙusa a kai, ta sa tabarau, ta bi gefen tayar da yatsa har ta tsaya a kan wasu lambobi huɗu cikin ɗan zagaye. Ta ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Ta ce roba tana mutuwa ko an hau ta ko ba a hau ba, balle an ajiye ta cikin mota tana shan zafi da sanyi. Su masu irin waɗannan motoci, in taya ta kai shekara biyar ko shida sukan canza ko da zanenta bai taɓu ba, don motar nauyi gare ta kuma zama ta fi yi. Sannan ta ƙirga da yatsu, ta sake ƙirgawa, ta ɗago ta dube ni.

Shekara goma sha huɗu. Duk biyar ɗin.

Na tuna mai sanƙon nan yana ta bayani ni kuma ina hura hanci. In da rabon ya ji wannan labari, Allah ya ba shi haƙuri, ni ne jahilin.

Sai na sa safaya dole, duk da ita ma sa'arsu ce. Garin neman jak na buɗe wata loka a ƙarƙashin kujera, na ci karo da tsarabar Baba. Takalman yara ƙanana, kowanne da takarda a ciki an rubuta suna. Rigunan sanyi. Rediyo mai kaset a kwalinta. Yaran da aka saya wa takalman nan yanzu wasunsu sun yi aure, ɗaya ma na san shi ne jikan da ke turo saƙon murya. A can ƙasa kuma ga wani ɗan gidan tabarau, an rubuta Yaya Tabawa, na karatu. Na mayar da shi yadda na same shi, na rufe lokar, na daɗe a zaune kafin in iya ɗaukar jak ɗin.

Doreen ta ce kada in kuskura in koma babbar hanya, kuma garejoji sun tashi, in bari sai da safe. Ta kira ni shan shayi. Na tsaya turus saboda karen, ta gane, ta kulle shi a gaba yana ta kuka kamar an yi masa rashin adalci. Ta gasa burodi ta zuba waken gwangwani a kai, abin da suke kira abinci ke nan. Ni kuma na ɗauko ɗan dambun naman da matata ta aiko mini. Ta ɗiba ta kai baki, yaji ya sarƙe ta, hawaye na zuba tana cewa lovely, lovely, kuma ta sake ɗiba.

Ta ce ita da mijinta suka sayi motar don yawo in ya yi ritaya, bai yi shekara biyu da ajiye aiki ba ya rasu. 'Ya'yanta suna nesa. Yanzu in shirun gidan ya ishe ta sai ta ɗauki kare ta kama hanya, ba inda za ta, ta kwana biyu ta koma. Na kalle ta na tuna tsofaffinmu da jikoki ke hana su barcin rana, suna ta mita a raba su da yara. Ta tambaye ni mai motar, na ba ta labarin Baba duka, har da Iya Tabawa. Ta ce to zan gaya masa? Na ce mu a wurinmu yaro ba ya duban dattijo ya ce masa ka yi kuskure, sai dai a kewaya, ko a sami sa'ansa ya faɗa masa. Ta gyaɗa kai. Can ta ce, ita yayar tasa shekarunta nawa? Na ce shayin ya yi daɗi.

A gadon Baba na kwana, bargon yana warin ajiya, injinan manyan motoci suna gurnani kewaye da ni. Da na fito alwalar asuba wurin Doreen wayam, ta tafi. Ta maƙale mini takarda a gilashi, ta rubuta ƙaramar hanyar da zan bi da kwatancen wani gareji a unguwar Aston ta Birmingham da ke da irin tayar motocin nan. Ko lambar waya ba ta bari ba. Na ji ba daɗi, har na yi mamakin kaina, matar da jiya-jiya na san ta.

Na bi ta Cannock da Walsall ina tafiyar kunkuru. Motoci suka yi layi a bayana har inda madubi ya ƙare, amma ba wanda ya danna hon. Wannan shirun ya fi zagi ciwo. A Kano da tuni wani ɗan adaidaita ya zagayo ya tambaye ni ko gawa na ɗauko, mu yi cacar baki kowa ya samu sauƙi. A hanya na ga shaguna da yawa an rufe su da katako, da layin mutane a ƙofar wata coci suna jiran a ba su kayan abinci, Turawa da jakunkunansu, kowa ya sunkuyar da kai. In na faɗi wannan a majalisa sai ku ce ƙarya nake yi.

Mai garejin Aston wani dattijo ne ɗan Pakistan mai jan gemu. Ya yi mini sallama cikakkiya, na amsa har da wabarakatuhu don daɗi. Da aka fito da tayoyi na durƙusa na karanta lambar kowacce da kaina, na mayar da ɗaya don ta shekara biyu a sito. Ya yi dariya ya ce wa ya koya mini. Na ce hanya.

Daga nan na kira Dokta Rabi na gaya mata komai. Ta biya kuɗin ta waya, ta ce da Hausarta mai gauraye, “Nafi'u, please, kar ka gaya mishi. Ka bar shi ya ɗauka nasa ne. It'll break his heart.” Na ce to. Mai gareji ya tambaya ko a zubar da tsofaffin, wai har sai an biya kafin a raba ka da su. A gida da an yanka takalma, an yi guga, an fitar da igiyar ɗaure kaya. Na bar masa huɗu, na mirgina mai ƙullutun cikin mota. Na ce wa kaina don in nuna wa Dokta ne.

Sparkhill ce kaɗai inda na ji kamar na san wurin. Stratford Road cike da shagunan yadi da masu gasa nama, an ajiye motoci barkatai, wani ya danna mini hon ya ɗaga hannu yana masifa, na ji kamar in sauka in rungume shi. Ina shan kwanar layinsu na hango Baba a bakin ƙofa, riƙe da ƙarfen da yake dogarawa, ya sa hula da babbar rigar sanyi. Ya rame. Bai bari na gama gaisuwa ba ya lallaɓa wurin motar, ya shafa tayar gaba, ya danna da yatsa, fuskarsa ta washe.

“Ka gani ko? Na ce maka sababbi ne. Dubi yadda suke sheƙi.”

Dokta Rabi tana bayansa tana kallona. Na ce haka ne, Baba.

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, rabona da shi tun barin Baba Manchester. Jikokinsa suna ta surutu da Turancin Birmingham, suna roƙon a bar su su kwana a motar. Baba ya ci da yawa, yana ta zuba. Ya ce tunda taya tana nan garau ai babu gaggawa. Bana sanyi ya riga ya shigo, ƙafar nan ma sai ta ƙara warwarewa, ga hanyar hamada ana cewa ba lafiya. Sai ya ciro waya ya ce bari ya yi wa Yaya albishir. Ya danna ya kai bakinsa, ya ce, Yaya, mota ta iso, komai ya kammala, baɗi war haka muna tare in Allah ya yarda.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ga abin da na yi. Da hannuna na kawo masa wasu shekaru biyar na jira, sababbi fil, da lambarsu. Na kuma san abin da zan rasa in na buɗe baki, don duk Ingila shi kaɗai ne yake kirana da ɗana. Na wanke hannu na fita kamar zan ɗauko jaka. Na mirgino tayar nan har cikin falo, a kan kafet ɗin Dokta mai ruwan madara, na durƙusa a gabansa.

“Baba, ka gafarce ni. Waɗanda ke jikin motar ba naka ba ne, yau aka saye su. Naka ga ɗaya nan. Sun mutu a ajiye, saura kaɗan su kashe ni a hanya.”

Dokta ta kori yaran sama. Baba ya miƙa hannu ya shafa ƙullutun, ya sa farce cikin tsagar. Ya ce ƙarya ne, bai daɗe da sayensu ba, shekara uku ne ko huɗu. Na nuna masa lambobin, na faɗa masa yadda ake karantawa. Injiniya ne, ba sai an maimaita masa ba. Ya ce a ba shi tabarau. Ya duba, leɓensa yana motsi yana lissafi, ya sake dubawa.

“Goma sha huɗu,” ya ce, ba da ni yake ba. Ya cire tabarau ya ninke a hankali, sannan ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba. “Aikenka na yi ka kawo mini mota. Ban aike ka ka ƙirga mini shekaru ba.”

Ya jawo ƙarfensa ya miƙe, na kai hannu zan taimaka ya janye. Ya shiga ɗaki ya rufe. Na jira har la'asar bai fito ba. Na je bakin ƙofar na ce Baba zan koma, ya ce daga ciki, a sauka lafiya. Dokta Rabi ta kai ni tashar bas, da zan fita ta ce ta roƙe ni abu ɗaya tak. Na ce na sani.

Bas ta bi hanyar da na sha wuya a kanta, awa biyu da 'yan mintoci sai ga ni a Manchester. Juma'a ta zo, la'asar ta wuce, waya ba ta yi ƙara ba. Na kira, ya amsa gaisuwa a taƙaice ya miƙa wa jika. Na sake gwadawa mako na gaba, haka. Daga nan na haƙura. Ba zan ɓoye muku ba, na yi nadama, na yi kuka a ɗakin nan kamar yaro, na ce me ya kai ni, da na yi shiru da yanzu ina da wanda zan kira. Bayan kamar wata ɗaya da rabi saƙo ya shigo daga Dokta, layi biyu: ta raka Baba Kano a jirgi, sun sauka lafiya, yana Dambatta. Bai yi mini sallama ba. Shekara ɗaya da rabi na ƙara a Moss Side bayan nan, kuma ban sake samun wanda zan zauna da shi ranar Asabar ba.

Ban sami Baba da rai ba. Wata tara ya yi a gida Allah ya karɓi abinsa, ina can ina rubutun ƙarshe. Sati biyu da dawowata na shiga mota na tafi Dambatta, na yi tambaya aka nuna mini gidan. Aka shigar da ni wurin Iya Tabawa, tana zaune a kan tabarma a inuwar ɗaki, 'yar ƙarama, idanun fari fat. Na durƙusa na yi mata gaisuwa da ta'aziyya, na ce ni ne Nafi'u, daga Ingila. Ta miƙo hannu tana lalube har ta kama nawa.

“Kai ne yaron taya?”

Na ce ni ne, Iya.

“Ya ba ni labarinka ya fi sau goma. Ya ce duk zamansa a ƙasar Turawa bai taɓa ganin yaro mara kunya irinka ba.”

Na sunkuyar da kai, na ce a yafe mini. Ta ɗora ɗaya hannun a kan nawa, ta riƙe gam. Aka kawo fura, aka ce Iya ki sake shi ya sha, ta ce ya sha da hagu. Haka muka zauna har aka kira azahar.